Naɗin Tukur da Basasar Kano

A ƙarshen shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, ya bar gidan Dabo a rabe. A zamaninsa ya tuɓe 'ya'yan ɗan'uwansa Abdullahi Maje Karofi daga sarautunsu, domin share wa ɗansa Galadima Tukur hanya. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin, kuma ya ga cewa zukatan jama'a sun karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi. Ya sanar da Sarkin Musulmi Abdurrahman, amma shi bai manta da jarumtar da Tukur ya nuna a yaƙin Argungu ba. Umarni ya zo, Waziri ya naɗa Tukur ba da son ransa ba.

Yusufu ya fice zuwa Takai, maƙwabciyar Dutse, ya tara magoya baya daga garuruwan gabashin Kano. Da ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Aliyu Babba ya ja rundunar, ya ci birni a wannan shekara. An kashe Tukur a 1895, Sakkwato kuwa ta amince da wanda takobi ya ɗora.

Fadar Sakkwato ta samu mai faɗa mata gaskiya tun kafin jini ya zuba, sai dai babu majalisar da ta isa ta sa Sarkin Musulmi ya saurara. Ya sāka wa mutum guda da gadon sarauta, talakawa suka biya diyya: an ƙone garuruwa, an mayar da 'yantattu bayi. Abdurrahman ya ci gaba da mulki har rasuwarsa a 1902.