Makamashi da abinci: Yadda hayaƙin ƙasashe ya bambanta

Daga gona zuwa tukunya, abinci na cin makamashi a kowane mataki. Akwai man dizal da tarakta ke sha, da iskar gas da ake sarrafa takin zamani da ita, da wutar lantarkin masana'antu da na'urorin sanyaya abinci, da kuma man motocin dakon kaya.

A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa harkar abinci na lashe kimanin kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan makamashi kuwa, bayan amfanin gona ya bar gona ake kashe shi.

Manyan ƙasashe shida

Wani bincike da masana na Tarayyar Turai da na FAO suka wallafa a 2021 ya nuna cewa a 2015 harkar abinci ta fitar da kwatankwacin tan biliyan 18 na iskar kabon, wato kashi 34 cikin 100 na dukkan hayaƙin da ke ɗumama yanayi.

China ce kan gaba da tan biliyan 2.4, sai Indonesiya, Amurka, Brazil, Tarayyar Turai da Indiya.

To sai dai tushen hayaƙin ba ɗaya ba ne. A Indonesiya da Brazil, sare dazuzzuka domin noma da kiwo ne ke ɗaukar kaso mai tsoka. A ƙasashe masu arzikin masana'antu kuwa, fiye da rabin hayaƙin na fitowa ne daga makamashi, masana'antu da sharar abinci.

Tushen wutar ne ma'auni

Abin da ya fi raba ƙasashe shi ne irin makamashin da suke ƙonawa. Firij a Faransa, inda ake samun kusan kashi biyu cikin uku na wutar lantarki daga nukiliya, ba ya jawo hayaƙi kamar irinsa a Indiya, wadda akasarin wutarta daga kwal take.

Haka batun yake a takin zamani. China, wadda ta fi kowace ƙasa sarrafa takin naitirojin, ta dogara ne a kan kwal, yayin da Amurka da Rasha ke amfani da iskar gas, wadda hayaƙinta bai kai na kwal ba. Matatar taki ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 ma da gas take aiki.

A Holland, da iskar gas ake ɗumama gidajen gilashin da ake noman tumatir a lokacin sanyi. A Indiya kuwa, miliyoyin injinan ban ruwa ne ke aiki da lantarki ko dizal, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin injina masu amfani da hasken rana a 2019.

Matsayin Afirka

A Najeriya da Nijar hayaƙin makamashi a harkar abinci kaɗan ne, domin akasarin noma da fartanya da garmar shanu ake yinsa, kuma ɗakunan sanyi ba su da yawa. Amma rashin ɗakunan sanyin ne ke sa tumatir da kifi ruɓewa kafin su kai kasuwa.

Akwai kuma batun itacen girki da gawayi. Bisa ƙa'idar lissafi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, iskar kabon da suke fitarwa ba a sa ta a ɓangaren makamashi, a ɓangaren dazuzzuka da amfani da ƙasa ake ƙirga ta.

Saboda haka jerin ƙasashen na sauyawa gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka. Idan jimilla aka duba, China ce ta farko. Idan aka raba hayaƙin bisa yawan jama'a, Amurka na gabanta, Indiya kuma na can baya.

Wannan na daga cikin abubuwan da ke raba kan ƙasashe a tarukan sauyin yanayi, inda masu tasowa ke cewa waɗanda suka daɗe suna ƙona kwal da mai su ya kamata su fara ragewa, su kuma tallafa wa sauran.