Shataletalen Hotoro: Daga Zagaye Zuwa Gada

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki, zan ba ku tarihin wani wuri da duk wanda ya shigo Kano ta gabas ya sani, wato shataletalen NNPC na Hotoro.

A nan titin Maiduguri ya gamu da titin bayan gari na gabas, wanda ya haɗa titin Zariya da na Haɗeja. Motocin Wudil, Dutse, Bauci, Yobe da Borno nan suke bi. Tirelolin da ke guje wa cikin gari nan suke ratsawa. Ga defo na man fetur a unguwar, tankoki na shiga suna fita. Shataletale kuwa da haƙuri yake aiki, mai shigowa ya jira wanda ke ciki. Da motoci suka fi ƙarfinsa sai haƙurin ya ƙare. Tirela ɗaya in ta mace a tsakiya, to ranar mai zuwa asibiti da mai kai amarya duk sun zama ɗaya.

Gadojin sama sun fara shigowa Kano a zango na biyu na Gwamna Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, irin ta Ƙofar Nasarawa. Gwamna Ganduje ya ɗora, ya mai da shataletalen Dangi gada, sannan ya juyo kan Hotoro. Aka yi hanya ta sama, aka haƙa wata ta ƙasa, don mai wucewa kada ya tsaya wa mai juyawa. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2023, sunansa kuma aka sa mata.

Sai dai a ganina tarihin wurin bai cika ba in ba a ambaci waɗanda cunkoson ke ciyarwa ba. Mai ruwan leda, mai rake, mai burodi, yaro mai goge gilashi, duk tsayuwar mota ce kasuwarsu. Motar da ta hau sama da gudu ba ta sayen komai. Direba ya huta, su kuma dole suka nemi wata mahaɗar.

Mu marubuta ma an rage mana hanya. Da, in ina son jarumi ya makara wajen zance, cunkoso nake jefa shi, mai karatu kuma bai taɓa musa mini ba. Yanzu in labarin ya biyo ta Hotoro, sai na nemo masa wani uzurin.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu, in Allah ya kai mu.