Sallar Gida Biyu: Aure da Al'adun Idi a Hartum da Umdurman

Hanyar da ta kai Hausawa ƙasar Sudan hanyar aikin hajji ce. Tun kafin zuwan mota, mahajjata daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, su yi shekaru kafin su isa Bahar Maliya. Wanda guzurinsa ya ƙare yakan tsaya ya yi noma ko ƙodago, wani kuwa tsayawar ke nan har abada. A shekarar 1903, bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a mai yawa, daga baya suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo waɗansu dubbai. Daga cikinsu ne waɗansu suka gangaro Hartum da Umdurman, inda mutanen gari suke kiransu Fallata ko Takari. Har an taɓa yin unguwa a kudancin Hartum da aka sani da Ishash Fallata.

Na farkon zuwa sun fi yin aure a tsakaninsu. Amma zaman birni yakan haɗa yara a makaranta da kasuwa, sannu a hankali 'ya'ya da jikoki suka soma auren maƙwabta masu jin Larabci. Addini ɗaya ne, ranar idi ɗaya ce, amma kowane gida da yadda ya gāji yinta. Nan ne aka ga gaskiyar maganar nan cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai fa abin da ya ƙulle a bakin zane ya taho da shi.

Bambancin yakan fito tun azumin farko. A ƙasar Hausa, namiji ne yake kai wa gidan surukai kayan shan ruwa da toshin Sallah. A Umdurman kuwa uwar amarya ce take haɗa kaya ta aika gidan ango, abin da suke kira moyat Ramadan, wato ruwan azumi: dabino da kayan yaji da kwanuka, da kuma hilu-mur. Shi hilu-mur ana yinsa da dawar da aka tsirar, a niƙa, a sa kayan ƙamshi, a bar ƙullin ya yi tsami, sa'an nan a gasa shi falle-falle a kan faranti na ƙarfe. Mata sukan taru su yi aikin tare tun watan Sha'aban. In za a sha, sai a jiƙa a tace. To, idan gida biyu suka haɗu, kowane yana jiran ɗayan ya fara aiko da kaya, shiru na iya zama raini alhali kuwa rashin sani ne kawai. Gidajen da suka zauna lafiya su ne waɗanda dattawansu suka yi tambaya tun da wuri, kaya suka tafi ta fuska biyu.

Haka kuma a Babbar Sallah. Mutanen bakin Nilu sukan ci ragon layya nan take, a gasa nama a kan garwashi, a ci hanta da tumbi ɗanye da barkono da lemun tsami, abin da suke kira marara. Bahaushe ya saba da rataye rago, a raba washegari, a soya saura a adana don ya kai makonni. Amaryar da ta shiga gidan Hausawa ta koyi suya da tuwon Sallah da ake rarraba wa maƙwabta. Ita kuma ta kawo asida da kisra da cincin ɗin idi.

Ba gefe guda ne kaɗai ya ba da kai ba. Tsiren Hausawa ya shiga kasuwannin Hartum da sunan agashe, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, har ya zama abincin kowa da kowa. Yaran Hausawa kuma suka saba da Maulidin filin Masallacin Halifa a Umdurman, inda ake sayar da 'yar tsana ta sukari.

Maganar ta wuce ta abinci. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna ƙasar tun kafin 1898, yawancin Hausawa kuwa bayan haka suka zo. Saboda haka akwai waɗanda suka ga ya fi musu sauƙi su ɓoye asali, su daina Hausa a waje. A irin wannan gida, ranar idi ce takan rage wa yaro ya ji kakarsa tana gaisuwa da harshen iyayenta. In aka yar da tuwon Sallah, har da harshen ake yarwa.

Umdurman tana da wani misali a unguwar Masalma, inda Kibɗawa suke zaune tun zamanin Mahadi, wanda ya ci Hartum a 1885. An tilasta musu barin addininsu a lokacin, da yawa suka auri matan ƙasar, bayan yaƙin Karari na 1898 kuma waɗansu suka koma ikilisiya. Kibɗawa suna Kirsimati ran 7 ga Janairu, Katolika da Angilikan kuwa ran 25 ga Disamba. Auren da ya haɗa ɓangarorin nan yana da hanya mai sauƙi: rana ɗaya a gidan iyayen miji, ɗaya a gidan iyayen mata.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya warwatsa miliyoyin mutane zuwa Masar da Chadi da sauran wurare. Jikokin mahajjatan dā sun sāke ɗaukar kaya. A inda suka sauka, 'ya'yansu za su yi aure, surukai kuma za su sāke zama su tambayi juna: a gidanku yaya ake yi?