Daga idon ɗan canji zuwa ma'aunin Sheldon: tarihin tantance tsofaffin sulalla a ƙasar Kabi

Tantance lafiyar tsohon kuɗi, wato duba yadda hannu da zamani suka ci jikin tsaba domin a yanke mata daraja, sana'a ce da ta daɗe a kasuwannin Argungu, Gulma, Jega da Birnin Kabi kafin a san masu tara kuɗi don sha'awa. A zamanin wuri ba a buƙatar ta sosai, domin ƙirga shi ake yi. Liyari ne ya kawo ta, wato azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ta hamada, kuma Baturen matafiyi Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kabi a 1853, ya tarar ana canza ta a kan wuri 2,500 a Kano. Tun bayan rasuwar sarauniyar ake ta buga liyari da shekara ɗaya tak, 1780, saboda haka shekarar ba ta nuna tsufansa, sai ɗan canji ya koma ga jikin kuɗin: ya buga shi a kan dutse ya saurari amonsa, ya jinjina nauyinsa, sannan ya duba ƴan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar, domin idan sun shafe to azurfar ta ragu, farashinta ma ya ragu.

Zuwan Turawa ya faɗaɗa aikin. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, kuma aninin farko na alminiyam ne, wanda bai jure gumi da laima ba, har aka sauya ƙarfensa a 1908. Shi ya sa samun mai tsabta a cikinsu yake da wuya a yau. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, sannan a 1920 aka koma ga ƙwandala, ruwan tagulla, bayan azurfa ta yi tsada. Jabun kuɗi ya yawaita, har a 1938 aka yi wa bakin sule kwarmi na musamman don a gane na gaskiya. A duk wannan zamani tambayar ɗan kasuwa ɗaya ce, ko kuɗin zai karɓu, ta maƙerin farfaru kuwa ita ce ko zai narku ya zama zobe ko warwaro, kuma ta wannan hanya azurfar 1913 mai yawa ta salwanta.

Masu tara kuɗi a Ingila sun daɗe suna kasa sulalla mataki-mataki, daga wanda ya suɗe har zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. A 1949 William Sheldon na Amurka ya mayar da matakan lambobi, daga 1 zuwa 70, inda 1 ke nufin tsabar da da ƙyar ake gane ta, 60 zuwa 70 kuma waɗanda ba su zaga hannu ba. Kamfanonin PCGS, a 1986, da NGC, a 1987, suka mayar da abin sana'a mai zaman kanta, suna ba tsaba lamba su rufe ta a cikin roba. Mai tantancewa yana duba wuraren da suka fi tudu, kamar gashin sarkin Ingila da ganyen kwakwar da ke bayan sule, da ƙyallin asali na gidan bugu, da ƙananan haruffan da ke nuna inda aka buga, irin su H da KN na Birmingham. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga mulki a shekarar, mutane kan ɗauke shi dukiya, alhali an buga shi da yawa, kuma lafiyarsa ce kaɗai ke ɗaga farashinsa.

A nan ne al'adar gida da ma'aunin waje suka yi hannun riga, kuma asarar tana kan mutanen gida. Tun da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairu, 1973, tsofaffin sulalla suka koma adakar tsofaffi da kayan ado, aka huda wasu, aka liƙa wa wasu kunne, kuma magada kan goge su da toka ko lemun tsami don su yi haske kafin a nuna wa dillali. Gogewar tana kankare fatar ƙarfen da ba ta sake dawowa, kuma kamfanonin tantancewa ba sa ba tsabar da aka wanke ko aka huda lamba. Wanda ya gaji irin waɗannan sulalla a ƙasar Kabi ya bar su da duhunsu, ya riƙe su ta baki, ya ajiye kowanne daban a busasshen wuri, kada ya sayar kafin ya karanta shekara da harafin da ke jikinsu.