Ɗan sandan da ya koma fasa-ƙwaurin giya

Ƴan uwa matasa, ga wani tarihi daga Amurka. A watan Janairu 1920 aka hana yin giya da saida ta a duk faɗin ƙasar. Jami'an da gwamnatin tarayya ta fara ɗauka don tsare wannan doka kusan 1,500 ne kacal, sai aka riƙa ƙara musu iko. A 1925 kotun ƙoli ta ce suna iya binciken mota ko babu takardar alƙali, muddin akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. A 1928 ta yarda su saurari wayar tarho ta mutane a ɓoye.

To, kun san wanda aka yi shari'ar wayar a kansa? Roy Olmstead, tsohon laftanan na ƴan sandan birnin Seattle. Tun yana cikin kaki ya fara shigo da giya daga Kanada. Cin hanci ya yi katutu, mashayu kuma ba su daina nema ba. A Disamba 1933 aka soke dokar.

Gobe cikinku za a samu ɗan sanda, jandarma da alƙali. In mai tsaron doka na sayuwa, ƙarin iko ba ya tsare ta.