Daga Kano Zuwa Gwanja: Yadda Zuriyarmu Ta Yi Yamma

Tun da Edita ya ce bana kowa ya tono tarihin gidansu, to ga nawa, kamar yadda na ji daga bakin magabata, na kuma gwada shi da abin da masana suka rubuta.

Mahaifin kakana Ba'agale ne, daga ƙasar Bebeji, ƙasar da aka haifi Alhassan Ɗantata. Sana'ar Agalawa a wancan zamani ita ce fataucin goro, su da Tokarawa da Kambarin Barebari. Goro kuwa ba ya yi a ƙasar Hausa, sai an yi yamma, an je Gwanja, a arewacin ƙasar da yau ake kira Gana. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, sai ayari ya ɗaure kaya: turkuɗi da baƙin Kura, da kanwa, da jar fata, da gabu, a ɗora wa jakuna. Jagaba yana gaba, madugu yana biye da ayarinsa. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu inda 'yan kwanta suka yi suna, a bi ta Nikki da Jugu da Yandi, sannan a sauka Salaga. Kowane sarki aka taka ƙasarsa sai an biya shi, kowane kogi sai an ba da kuɗin fito. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Wahalar ma tana wajen dawowa. Goro ɗan lele ne, ba ya son zafi, ba ya son iska. Kowane 'yan kwanaki sai an kwance huhu, a tsince wanda sangara ta ci, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Falken da ya yi ƙyuya, ya isa Kurmi da ruɓaɓɓen kaya.

Akwai abin da tsofaffinmu ba sa son a tayar, amma ni a ganina ɓoye shi ba ya gyara komi. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma ayarin Hausawa ya kai mutane can, ya kuma ɗauko. Gidanmu bai fita daban ba. A cikin waɗanda suka ɗauki huhun goron tsohon nan a ka, akwai waɗanda ba da son ransu suka ɗauka ba.

Tafiya ta yi tafiya, sai ya gaji da hanya, ya yi aure a Salaga, ya zama mai masauki, yana saukar da fatake yana cin la'ada. Sai dai ya zo a ƙurarren lokaci. Tun 1874 da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, su kuma Asantawa suka toshe mata hanyar goro, kasuwa ta fara komawa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi kan sarautar Kpembe, Salaga ta watse. Namu suka bi ayarin da ya gangara Kete Karachi, garin da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934. Tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse kogin Bolta a Akosombo cikin shekarun 1960.

Kakana shi ya ƙara gaba zuwa zangon Kumasi, bayan jirgin ƙasa ya iso garin daga Sakandi a 1903. Daga nan goro ya koma bin teku zuwa Ikko, ya hau dogo zuwa Kano, zamanin madugu da jakuna ya ƙare. Ya auri 'yar Dagomba, wadda ita ta haifi mahaifina. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mahaifina ya yi furfura bai taɓa ganin badalar Kano ba, amma in an tambaye shi sai ya ce shi Bakano ne. Su kuwa Asantawa ba su taɓa ɗaukarsa a matsayin ɗan ƙasa ba.

Wannan zama tsakanin gida biyu shi ya fashe a watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Ina firamare a lokacin. Mahaifina ya sayar da rumfarsa a wulaƙance, muka hau akori-kura muka yi gabas, muka bi sawun hanyar da kakansa ya baro. Da na shigo makarantarmu, za ku tuna dariyar da kuka sha yi mini don ina ce wa mace "ya zo". Hausar zango ce, a bakin uwata na tsotse ta.

Ƙanen mahaifina dai ya ƙi tashi, ya fake da dangin uwarsu har ƙura ta lafa. Jikokinsa suna Aboabo har gobe, da fasfo na Gana, kuma in za su aurar da 'ya, goron ɗaurin auren sai sun aiko mana da namu kason Kano.