Régionale ta Treichville: Tarihin Makarantar da Muka Daɗe Muna Wucewa ta Ƙofarta



Duk lokacin da bikin cikar shekarun ƙungiyarmu ya zagayo, mun saba tuna tarihin kasuwa: yadda goro ya bi hanya daga Anyama zuwa arewa, yadda albasar Galmi ta samu gindin zama a Adjamé, yadda shanu suka riƙa sauka Port-Bouët. Bana mun ga ya dace mu waiwayi wani gida da ke tsakiyarmu wanda ba mu cika ba shi shafi ba, wato makarantar firamare ta gwamnati, wadda mutanenmu na Nijar ke kira lakwal. Za mu ɗauki Régionale ta Treichville, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun gwamnati na Abijan, mu bi sawunta. Tarihinta da namu sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun gaisa sosai ba, kuma mu ne muka fi yin asara a wannan rashin gaisuwa.

Makarantar boko ta farko a ƙasar nan ba a Abijan aka buɗe ta ba, don a lokacin ƙauyukan Ebriye ne kawai a bakin ruwan. An buɗe ta a 1887 a Elima, can gabas kusa da iyakar Gana, a gonar kofi ta wani ɗan kasuwar Faransa mai suna Arthur Verdier. Bayan 'yan shekaru aka mayar da ita Assinie. Wakilin Verdier a wannan yanki shi ne Marcel Treich-Laplène, mutumin da unguwarmu ta Treichville ke ɗauke da sunansa. Ashe tun daga tushe, boko a ƙasar nan a gindin ciniki ya tsiro. Bature na bukatar wanda zai rubuta masa lissafi, ya kuma yi masa tafinta.

A 1893 Kodebuwa ta zama ƙasar mallakar Faransa. A 1903 babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, Ernest Roume, ya tsara makarantu hawa-hawa. A ƙasa akwai makarantar ƙauye, inda ake koyon Faransanci na baka da ɗan lissafi. Sama da ita akwai makarantar yanki, wadda da Faransanci ake ce wa école régionale. Ita ce ke karɓar yaran da aka tace daga ƙananan makarantu, ta kai su ga takardar kammala firamare. Wanda ya yi zarra sai ya wuce babbar makarantar Bingerville, daga can ƙalilan su tafi William Ponty a Sanagal. Ta Bingerville da William Ponty Félix Houphouët-Boigny ya bi kafin ya zama likita a 1925. Saboda haka sunan Régionale da yaranmu ke faɗa yau ba tare da tunanin komai ba, matsayi ne a wancan tsari. Makaranta ce ta 'yan tace, wadda ke fitar da akawu da tafinta da ma'aikatan jirgin ƙasa da masu riƙe littafin manyan kantuna irin su CFAO da SCOA.

Me ya kawo irin wannan makaranta Treichville? Amsar tana cikin yadda aka gina birnin. A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan, wanda aka raɗa wa suna Abijan-Nijar. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. A 1934 aka ɗauke hedikwata daga Bingerville zuwa Abijan. Turawa suka keɓe wa kansu Plateau. Baƙar fata aka raba su gida biyu: Adjamé a arewa, bayan barikokin soja, sai Anoumabo a kudu, ƙetaren ruwa, wadda aka sauya wa suna ta koma Treichville. Gadar da ke yawo a kan ruwa, wadda aka kafa a 1931, ita ke kai ma'aikata Plateau da safe ta dawo da su da yamma. Inda ma'aikata suka taru da iyalansu, nan gwamnati ta ga tilas ta ajiye makarantar da za ta riƙa samar mata da sababbin hannaye.

Unguwar da ke da masu karatu ba ta daɗewa ba ta fara tambaya ba. A Treichville aka kafa jam'iyyar PDCI a watan Afrilu na 1946, watan da majalisar Faransa ta amince da dokar Houphouët-Boigny da ta soke aikin tilas. A shekarar nan dai aka tura yara kusan 150 karatu Faransa. Da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 1951, sai mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Cikinsu har da iyayenmu da kakanninmu daga Tawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Sakkwato da Kano da Katsina. Wasu dako suka fara a tasha, wasu talla, wasu suka sauka gidan maigida suna jiran jari. Fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un Noir, a titunan Treichville aka ɗauke shi, kuma samarin Nijar 'yan ci-rani ne a ciki, har da Oumarou Ganda wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Makarantar tana nan, mu ma muna nan, amma yawancin iyayenmu ba su kai 'ya'yansu ba. Suna da dalilansu, kuma ba na wauta ba ne. Na farko, sun ɗauki kansu baƙi masu komawa gida bayan kaka ɗaya ko biyu. Na biyu, makarantar ta Nasara ce, ba ta san Alƙur'ani ba, kuma duk yaron da aka ji ya yi harshen gidansu ana rataya masa wani abin kunya a wuya da ake kira symbole. Na uku, suna da tasu makarantar: allo da safe da dare, rumfa da rana, inda yaro ke koyon awo da ƙirga da riƙon amana. Wannan tarbiyya ta fitar da attajirai masu riƙe lissafin miliyoyi a ka, kuma ba mu raina ta ba.

Sai dai kaka ɗaya ta zama shekara arba'in. Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya da jikoki a Adjamé da Treichville. Ƙasar kuma ta takarda ce. Takardar duwan, takardar haya, takardar haraji, takardar kotu, duk da Faransanci suke. Wanene a cikinmu bai taɓa ganin dattijo mai tireloli a hanya ba, tsaye yana jiran wani yaro ya karanta masa abin da zai sa wa hannu? Da yawa an sa musu yatsa a kan abin da ba shi aka faɗa musu ba. Wannan shi ne kuɗin da muka biya, kuma ba a taɓa rubuta shi a littafin kowa ba.

Bayan samun 'yancin kai ranar 7 ga Agusta 1960, Régionale ta daina zama ta 'yan tace, ta koma makarantar unguwa kamar sauran, da aji shida: CP1, CP2, CE1, CE2, CM1, CM2, sai jarrabawar CEPE da ta shiga sakandare. Gwamnatin Houphouët ta zuba kaso mai tsoka na kasafinta a ilimi. A 1971 ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, ana shirya darussan a Bouaké ana watsa su cikin azuzuwa. Nijar ma ta gwada irin wannan tun 1964. Iyaye da malamai sun yi ta ƙorafin cewa yara na iya magana amma rubutu ya gagara, aka dakatar da shirin a farkon shekarun 1980. A wannan zamani ne 'ya'yanmu suka fara shiga da ɗan yawa, galibi maza, kuma galibi a cire su kafin CM2 da zarar an ga sun iya karanta rasit.

Daga nan sai farashin koko da kofi ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sanyi. Gina sababbin azuzuwa ya ja baya alhali birnin na ta cika. Makarantu da dama suka koma karɓa-karɓa, rukuni ɗaya da safe, ɗaya da rana. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da alli da yadin makaranta suka yi tsada. A 1995 aka kafa kwamitocin kula da makarantu, COGES, inda iyaye ke zama da malamai, kuma ta nan aka riƙa karɓar kuɗin benci da na gyara. Mu baƙi kuma ga katin zama da aka ɗora mana a farkon shekarun 1990, wanda sai a 2007 aka ɗauke wa 'yan ƙasashen CEDEAO. Gobarar babbar kasuwar Treichville a 1997 ta cinye jarin gidaje da yawa, kuma idan jari ya ƙone, yaron makaranta ne ke fara komawa talla.

Rikicin da ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2010 har zuwa Afrilun 2011, ba sai mun tuna wa kowa ba. An rufe makarantu, da yawanmu mun kwashe iyali zuwa gida. Yaran da suka tafi Nijar sun tarar da Faransanci, sun ɗan samu sauƙi. Waɗanda suka tafi Najeriya sun tarar da Ingilishi, aka mayar da su baya. Da ƙura ta lafa aka dawo, wasu sun girme ajinsu, kunya ta hana su komawa. Suna nan cikinmu yau, magidanta ne, kuma su suka fi kowa zafin maganar karatun 'ya'yansu.

Yanzu doka ta sauya. Tun watan Satumba na 2015, karatu tilas ne ga kowane yaro, mace da namiji, daga shekara 6 zuwa 16. Uban da ya ƙi yana iya fuskantar tarar sefa 50,000 zuwa 500,000, ko ɗaurin wata 2 zuwa 6. A Disamban 2020 Shugaba Alassane Ouattara ya sanar da soke kuɗaɗen da COGES ke karɓa daga iyaye. Gwamnati kuma ta buɗe hanyar amincewa da makarantun Islamiyya da ke haɗa karatun addini da manhajar ƙasa, ta yadda ɗalibansu ke zana CEPE kamar kowa. Tsoron da ya hana kakanninmu ya ragu ƙwarai: yaro na iya riƙe allonsa ya kuma riƙe littafinsa.

Abin da ya rage yana hannunmu, kuma abu uku ne.

Na farko takardar haihuwa. Doka ta ba da wata uku a kai sunan jariri ofishin magajin gari. Mukan yanka rago ranar suna, mu ciyar da unguwa, mu manta da wannan. Sau da yawa ana karɓar yaro a CP1 ba takarda, amma ranar rajistar CEPE sai an nemi ta. Daga nan sai zirga-zirgar kotu neman jugement, wani yaron kuma shekara shida na karatunsa ta tsaya a nan. Wanda aka haifa a gida Nijar ko Najeriya, a taho da takardarsa tun daga can, a kuma je ofishin jakadanci kan abin da ya shige duhu.

Na biyu rumfa. Mun san amfanin yaro a shago, musamman kusa da salla da ƙarshen shekara. Amma cinikin yau ya koma waya da banki da takardun duwan da ake cikawa a kwamfuta. Yaron da aka cire a CM1 zai tsare maka rumfa bana, wanda aka bari ya ƙarasa shi zai tsare maka dukiya bayan ranka. Haka 'ya'ya mata. Hajiyoyinmu masu harkar atamfa da turare sun fi mu sanin abin da rashin karatu ke jawo wa mace a bakin iyaka.

Na uku zama a inda ake yanke shawara. Kujerun iyaye a COGES na duk mai ɗa a makarantar ne, amma sau nawa ake kiran taro a ga ɗayanmu? Mukan ce kasuwa ta riƙe mu. Ƙungiyar da ke iya haɗa kuɗin kai gawa gida cikin yini guda, ba za ta kasa gyara famfo ko sayen benci a makarantar da 'ya'yanta ke zaune ba. Muna ba shugabanni shawara a sa wannan cikin ajandar babban taro mai zuwa: kowane reshe, na Adjamé da na Treichville, ya ƙirga yaran 'yan ƙungiya da ba su da takardar haihuwa da waɗanda suka bar aji, a san adadinsu kafin komawa makaranta a watan Satumba.

Mutanen garin nan sun ɗauki sunan Garba sun raɗa wa abincin da suka fi so, acake da soyayyen kifi, saboda mutanenmu ne suka yi suna wajen sayar da shi. Wanda sunansa ya shiga kwanon gari ya wuce a ce masa baƙon kwana biyu. An gina Régionale don ta samar wa Bature akawu, ba don mu ba. Yau ta zama ta duk yaron da ke kwana a unguwar, kuma yaranmu a nan suke kwana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba ƙasar da ta karɓe mu da ƙasashenmu na asali zaman lafiya. Allah Ya maimaita mana. Amin.